Ciyawar da garma ke ƙara wa ƙarfi

A tsakiyar shekarun 1970 karatun aikin gona ya kai ni Wagga Wagga, a jihar New South Wales ta Ostireliya, kuma hutun ƙarshen shekara a can shi ne lokacin girbin alkama. Sai na nemi aikin ƙodago a gonar wani dattijo mai alkama da tumaki. A nan na san ciyawar ƙwarangwal, wadda masana ke kira Chondrilla juncea. Da sanyi takan kwanta a ƙasa da ganyenta, ba ta da wani kwarjini. Zafi na shigowa sai ganyen ya bushe, ta miƙe da siraran rassa masu tauri, tsirara, da 'yan furanni rawaya.

Rassan nan ne ke sarƙe injin girbi. Ga kuma farin ruwa mai danƙo da take fitarwa idan an karya ta, wanda ke manne wa haƙoran injin. Dattijon ya ce kafin zuwana akwai shekarun da sai a tsayar da aiki ana kankare danƙon da wuƙa, rana na dukan mutum, alkama na jira.

Asalinta ƙasashen Bahar Rum ne da yammacin Asiya, kuma a kusa da Wagga ɗin nan aka fara ganinta a ƙasar, wajen 1917. Na tambaye shi, "Maigida, me ya hana a bi ta da garma tun tana ƙarama?" Bai ce komai ba. Ya ɗauko shebur, muka haƙa gindin guda ɗaya har gwiwa, har ƙugu, saiwar ba ta ƙare ba. Tana iya nutsawa fiye da mita biyu. Ya tsinke ɗan guntu, bai kai tsawon yatsa ba, ya ɗora mini a tafin hannu. "Wannan ma sabuwar ciyawa ce, ɗan samari," in ji shi. Duk wanda ya yi fama da aya-aya a fadama ya san wannan hali. Garma ba kashe ta take yi ba, yayyanka saiwar take yi ta shuka ta a faɗin gona. Irinta kuma mai gashi ne, iska ke ɗaukarsa, kuma ba ya bukatar barbara kafin ya ƙullu.

Shi dabararsa tumaki ce da haƙuri. Yakan sake su su kiwace ganyen tun kafin ta yi kara. Filin da ta yi wa yawa kuwa sai ya hana shi alkama na 'yan shekaru, ya shuka lusan ko kuloba, dangin wake masu rufe ƙasa, su tare mata rana su kuma raba ta da ruwa. Aiki ne mai cin rai, ba kuma kowane manomi ke iya haƙura da kuɗin alkamar ba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne cutar tsatsa. Masanan hukumar bincike ta CSIRO sun je har Italiya suka samo Puccinia chondrillina, ƙwayar cutar da ke kama wannan ciyawa a ƙasarta ta asali, aka sake ta a 1971. Iska ta yi sauran aikin. Na ga sakamakon da idona: ganye da kara duk sun yi ɗigo-ɗigon ja-ja, in ka shafa sai gari ya maƙale maka a yatsa, ciyawar ta tsumbure, irinta ya ragu. Dattijon da ba ya yabon ma'aikatan gwamnati ya ce wannan karon sun ci albashinsu.

Sai dai ciyawar iri uku ce a ƙasar, tsatsar kuma mai siririn ganye kaɗai ta kama, wadda dama ita ta fi yawa. Kafin in bar gonar, muna duba shinge, muka tarar da mai faffaɗan ganye ta fara cin filin da 'yar uwarta ta bari, kore shar, ko ɗigo babu a jikinta. Dattijon ya tsuguna ya juya ganyen sama da ƙasa, sannan ya ce in je in buɗe wa tumaki ƙofar wannan filin.