Turbo a kan Land Cruiser: ta ina baƙin mai zai sauka?

A Damagaram, in masu bin hanyar Agadas suka zauna gardamar mota, da wuya su tashi ba a ambaci 1HZ ba. Injin Toyota ne mai silinda shida, lita 4.2, mai shan gazuwal, wanda aka fara ƙerawa a 1990, kuma shi ne a cikin da yawa daga Land Cruiser masu buɗaɗɗen baya da muke gani. Ƙarfinsa wajen na doki 130 ne, ba shi da turbo. Haƙurin jaki gare shi, amma in an cika shi da kaya ya shiga rairayi, sai ka ji kamar ka sauka ka tura. Daga nan maganar ɗaura masa turbo take tasowa.

Motar gidanmu irin wannan ce. Ta yayana ce, ni ke riƙe lissafinta, tana kai kaya Tanut, wani lokaci har Agadas. Da direbanmu ya matsa a sa mata turbo, sai na ce a bari in fahimci abin tukuna. Na yi ta zuwa garejin wani dattijon makanike ina zama ina kallo. Abin da na taso da shi daga can bai yi kama da hirar tasha ba. A tasha maganar gudu ake yi, shi kuwa dattijon maganar mai kawai yake yi.

Turbo farfela biyu ce a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da inji ke fitarwa yana juya ta farko, ta biyu kuma tana cusa iska cikin inji don ya ƙona gazuwal da yawa. Sandar tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya, kuma a yawancin turbo ba ta taɓa ƙarfe, a kan siririn baƙin mai take shawagi. Man ne ke hana ta gogawa, shi ne kuma ke ɗauke zafin da hayaƙi ke kawo mata. In ya yanke na 'yan daƙiƙoƙi inji yana aiki, ta fara cin kanta.

Kowa yana kula da ƙaramin bututun da ke kai mai sama, don ana ganinsa, kuma famfon inji ne ke tura shi. Wanda ake rainawa shi ne na dawowa. Babu famfon da ke tura mai ƙasa, nauyinsa ne kawai ke saukar da shi, ga shi ya fito da kumfa bayan sanda ta kaɗa shi. Don haka dole bututun ya fi na shiga faɗi sosai, ya gangara ba lanƙwasa, ya shiga kwanon mai na ƙasan inji ta saman inda mai yake tsayawa. Tunda ba a yi 1HZ da turbo ba, sau da yawa sai an huda kwanon an yi walda. Na ga yaran gareji suna son huda shi yana ɗaure a jikin mota don a gama da wuri. Dattijon ya hana, ya ce a kwance shi. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, garin ƙarfen da ya faɗa ciki, ina kake jin za shi?" Na ce, "Baba, ai akwai matatar mai." Ya ce famfo zai fara bi ya ci kafin ya isa can.

In mai ya kasa sauka, sai ya taru a cikin turbo ya tsallake zobban da ke tare shi, don ba roba ba ce, zobban ƙarfe ne da ba a yi su don riƙe tafki ba. Sai ka ga shuɗin hayaƙi a baya. Mai mota ya ce an sayar masa da jabu, ya sayo wata, ita ma ta yi hayaƙi, alhali laifin na bututu ne. A injin gazuwal abin yana iya wuce haka: in man ya yi yawa a hanyar iska, inji zai koma ƙona shi, ya yi ta ƙara gudu ko an zare makulli.

Ina yarda da hannun masu sana'armu. Garin da maƙeransa suka zuba igwa a zamanin Sarki Tanimun ba zai rasa mai lanƙwasa bututu ba. Inda nake da shakka shi ne man kansa. Tun Nuwamban 2011 matatar SORAZ take aiki a arewacin gari, ganga 20,000 a rana, amma fetur da gazuwal da gas take fitarwa. Baƙin mai daga waje yake zuwa, kuma wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi ba wanda zai rantse maka asalinsa. Tsohon 1HZ yana haƙuri da irin wannan ya yi shekaru. Turbo ba ta yi. Ga ƙurar hunturu, wadda in matatar iska ta yage take cinye bakin farfela, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40.

Sai kuma ɗabi'ar kashe mota. Direba ya taso da gudu, ya iso Tanut lokacin Azahar, ya murɗa makulli ya nufi buta. Famfo ya tsaya, turbo kuwa tana da zafin garwashi, man da ya rage a cikinta ya dahu ya zama gawayi, a hankali ya toshe hanya. Maganinsa minti biyu ko uku inji yana aiki a tsaye. Direbobi na ganin ɓarnar gazuwal ce. Ni da nake rubuta kuɗin na fi son wannan ɓarna a kan mota ta mutu da mutane tsakanin Tanut da Adarbisinat, inda inuwa ma sai an nema.

Akwai abin da masu sayar da kayan ba sa faɗa. Lokacin da Toyota ta so turbo a kan lita 4.2, sai ta yi 1HD-T, da fistan dabam, da hanyar fesa gazuwal dabam, ta kuma rage matsin cikin silinda. 1HZ da aka ɗora wa turbo bai samu ko ɗaya daga waɗannan ba. In aka ƙara iska aka buɗe famfon gazuwal yadda direba ke so, zafin hayaƙi zai hau har fistan ya tsage.

Mun ɗaura, amma da sharaɗi. An bar matsin iska ƙasa-ƙasa, an sa agogon da ke nuna zafin hayaƙi a gaban direba, an cika turbo da mai kafin tayarwar farko. Mai sai na jarka a rufe, kuma juyensa, bidanji kamar yadda muke cewa, ya matso kusa fiye da da. Motar tana hawa rairayi da kaya yanzu ba tare da kuka ba. Direba har yau yana ƙorafin ba a ba shi dukan ƙarfin ba, yayana kuma yana ƙorafin kuɗin mai duk ƙarshen wata in na kai masa littafi.