Ƙugiya Ɗaya Bayan Ɗaya



Shugabannin zumunta sun roƙe mu mu rubuta muku wani abu a wannan lokaci da yawancinku ke ɗaure kaya, waɗansu za su jami'a, waɗansu bautar ƙasa, waɗansu kuma neman aiki a birni. Da farko mun so mu kawo muku nazari irin na aji. Daga baya muka ga gara mu ba ku labarin ranar da muka sha kunya a kan wani dutse a ƙasar Italiya.

Mu uku ne daga kwalejin tauhidin da muke koyarwa aka gayyata wani taro na mako biyu a arewacin Italiya, cikin watan Yuli. Ranar Asabar ba a zama, sai masu masaukinmu suka ce za su kai mu hawan dutse. Muka yi dariya. Mu da muka tashi a Filato, muka bi awaki kan duwatsu tun ba mu san takalmi ba, wa zai koya mana hawa? Babbanmu har ya ce zai tafi da takalmin da yake zuwa sujada da shi. Da ƙyar aka lallashe shi ya karɓi aron wani.

Gani ya kori ji. Duwatsunmu na gida a dunƙule suke, wani a kan wani, kullum akwai inda za ka zagaya. Duwatsun Dolomiti kuwa a tsaye suke cak, farare, kamar katangar da aka sare da gatari. Saboda kyansu ne hukumar UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2009. Daga garin Cortina muka shiga mota, sannan muka hau waɗansu kujeru da ke rataye a jikin waya, suka ɗauke mu sama, ƙafafunmu suna reto. Muka ƙarasa da ƙafa zuwa wani masauki a gindin dutsen da ake kira Averau. Masaukin nan da muka zauna muka sha shayi a ciki yana kan tsayin kimanin mita 2,400, wato kusan daidai da Chappal Waddi na jihar Taraba, dutse mafi tsayi a Najeriya, mai mita 2,419. A nan ne kuma hawan zai fara. Dariyarmu ta ragu.

Irin hanyar da za mu bi, mutanen Italiya suna kiranta via ferrata, wato hanyar ƙarfe. Igiyar ƙarfe ce mai kaurin yatsa aka shimfiɗa a jikin dutse. Bayan kowane 'yan mitoci an kafa turken ƙarfe cikin dutsen ya riƙe ta, kuma inda babu wurin taka ƙafa an dasa matakala. Ta haka mutumin da bai ƙware a hawan dutse ba yakan kai inda dā sai gwanaye.

Dabarar tsohuwa ce. Tun 1843 aka kafa ƙarafa a dutsen Dachstein na ƙasar Ostiriya, amma yaƙi ne ya yawaita ta a wannan yanki. A watan Mayun 1915 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Farko, ta fuskanci daular Ostiriya da Hungari, fagen dagar kuwa ya bi ta kan waɗannan duwatsu. Sojoji, da yawansu samari sa'o'inku, suka kafa tsani da igiyoyi don su kai abinci da harsasai wuraren da ko akuya sai ta yi shawara kafin ta taka. Sanyi da zaftarewar dusar ƙanƙara sun kashe dubbai, ban da waɗanda bindiga ta ci. Mun ratsa ta ramukan da suka fake a ciki kusa da duwatsu biyar da ake kira Cinque Torri, an kuma nuna mana dutsen Lagazuoi a tsallake, inda sojojin Italiya suka haƙa rami sama da kilomita ɗaya a cikin dutsen, suka tayar da nakiya a 1917. Bayan yaƙi, ƙungiyoyin masu hawan dutse suka gyara waɗansu hanyoyin, suka buɗe sababbi, suka sa ƙarfe a maimakon katako da igiya. Har yau akwai waɗanda ke bi suna duba kowane turke. Ba mu san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba, amma a kan aikinsu muka rataya rayukanmu.

Jagorarmu wata mata ce da ba ta da yawan magana. Ta ba kowannenmu hular kwano, saboda tsakuwar da na sama kan turo, da safar hannu, da wata ɗamara mai kama ƙugu da cinyoyi. A gaban ɗamarar akwai igiya mai reshe biyu, kowane reshe da ƙugiya mai rufe bakinta da kanta. Ƙugiyoyin nan biyu ake maƙalawa a igiyar ƙarfen, suna bin ka kana hawa. Amma ƙugiya ba ta iya wuce turke. Idan ka iso turke, dole ka cire ɗaya ka maƙala ta a gaba, ka tabbata ta rufe, sannan ka cire ta biyun. Ta sa mu maimaita wannan a ƙasa har sau goma, kamar 'yan aji ɗaya. Ta ce, “Duk abin da za ku manta, kada ku manta wannan. Ba a cire biyu a lokaci ɗaya.”

Ta kuma gaya mana gaskiyar da ba mu so ji ba. Igiyar ba ta hana faɗuwa. Wanda ya zame zai gangara har sai ƙugiyarsa ta daki turken da ke ƙasa, kuma fizgar da za ta biyo baya ta isa ta karya baya. Shi ya sa a gindin igiyar ɗamarar akwai wata 'yar jaka da aka naɗe ƙyalle mai ƙarfi a ciki aka ɗinke. Idan mutum ya faɗi, ɗinkin yakan farke a hankali ya rage ƙarfin fizgar. Sau ɗaya take aiki, daga nan sai a jefar. Kayan nan za su iya ceton ranka, amma ba su yi maka alkawarin za ka sauko ba ciwo ba. Saboda haka ba a yarda mutum biyu su shiga tsakanin turaku biyu ba, kada na sama ya faɗo ya kwashe na ƙasa. Da sassafe kuma ake fita, domin da rana hadari yakan taso a lokacin zafi, kuma idan ana tsawa babu wuri mafi muni kamar jikin igiyar ƙarfe.

Muka fara hawa. A turke na farko babbanmu ya tsaya cik. Ya dubi ƙasa, ya dubi ƙugiyoyinsa, ya ƙi cire ko ɗaya. Muka ce, “Rabaran, sai ka cire ɗaya kafin ka wuce.” Ya ce, “Ku bar ni, nan ma lafiya lau nake.” Amma ba a zama a jikin dutse. Hannu yana gajiya, mutane suna jira a baya. Da jagorar ta matso ta nuna masa cewa ta biyun tana riƙe da shi, sai ya cire, hannunsa na rawa, ya maƙala a gaba. Daga nan hanya ta buɗe masa.

Mu sauran, tsoro ya sa mu biyayya. Kowane turke sai mun duba sau biyu. Ba abin da kake ji sai numfashinka da ƙarar ƙugiya tana rufewa, ƙwas, ƙwas. Wurin da ke da igiyar ba shi da tsawo. Bayansa muka taka cikin tsakuwa har ƙololuwa, sama da mita 2,600. Daga can muka hangi Marmolada, mafi tsayin duwatsun yankin, mai mita 3,343, da ƙanƙara a kafaɗarsa a tsakiyar Yuli. Muka yi addu'ar godiya, muka ci burodi, muka ɗauki hotuna. Sai alfahari ya dawo. Muka fara ce wa juna ashe abin bai kai yadda ake faɗa ba.

Ta hanyar da aka hau ake saukowa. A lokacin rana ta yi, mutane sun yi yawa, waɗansu suna tsaye a ƙasa suna jiran mu sauko su hau. A wani turke, ɗaya daga cikinmu ya ga yana ɓata wa mutane lokaci. Wurin da yake tsaye yana da ɗan faɗi, hannu ya saba, kuma ba ya so a ce baƙin nan ba su iya ba. Ba za mu ɓoye muku ba, shi ne mai rubuta muku wannan. Ya kama ƙugiyoyin biyu, ɗaya a kowane hannu, ya cire su tare don ya tsallake turken da sauri.

Jagorar ba ta yi ihu ba. Da ta yi, wataƙila firgita ta sa shi juyawa. Cikin sanyin murya ta ce, “Fasto, kada ka motsa. Dubi hannuwanka.” Ya duba. Ƙugiya a dama, ƙugiya a hagu, dukansu lafiyayyu, babu wadda ke riƙe da kome. Hannuwan ma da ya kamata su riƙe dutse suna cike da su. A bayansa akwai gangaren da ya fi bene mai hawa biyar. Ta ce, “Maƙala ta dama.” Ya maƙala. Duka abin bai kai daƙiƙa biyar ba. Sai da muka sauka ƙasa gwiwoyinsa suka ƙi ɗaukarsa, ya zauna a kan dutse yana tunanin matarsa da yaransa, da irin wayar da 'yan'uwansa biyu za su buga gida.

Tun daga ranar muke juya abin a zuciya. Kayan ba su lalace ba, igiyar ba ta tsinke ba, wurin ma ba shi ne mafi wuya a hanyar ba. A inda muke jin tsoro ba mu yi kuskure ba. Kuskuren ya zo a wurin sauyi, a lokacin da muka ga mun iya, muna kuma jin kunyar idon mutane.

Abin da ya sa muka kawo muku labarin ke nan. A shekarun da muka yi muna hidima, ba mu cika ganin matashi ya ɓace yana tsakiyar zumunta ba, yana zuwa koyon waƙa, ana ganinsa kowace Lahadi. A turke ake rasa su: watan farko a jami'a, makonnin farko na bautar ƙasa, sabon aiki a garin da ba wanda ya san su, farkon aure. Mutum ya saki ikkilisiyar gida, bai kama ta can ba, yana cewa bari in zauna tukuna, in na saba zan nemi majami'a. Ba ya nufin mugunta. Bangaskiyarsa tana hannunsa kamar ƙugiyoyin nan, lafiyayya, amma ba ta maƙale a ko'ina ba. A cikin wannan ɗan tsakanin ne kaɗaici yake samunsa, abokan da suka fara miƙo hannu su zama su ne nasa, ko su wane ne. Hausawa suna kiran wannan sakin reshe kama ganye.

Laifin ba naku kaɗai ba ne. Akwai wani saurayi mai kaɗa mana ganga a sujada da ya sami makaranta a wani gari mai nisa. Muka yi masa addu'ar sallama, muka yi alkawari za mu kira faston da ke can mu haɗa su. Aiki ya sha kanmu. Sai bayan wata takwas muka tuna, da mahaifiyarsa ta zo ofis tana kuka. Ya dawo daga baya, mun gode wa Ubangiji, amma ya dawo da raunukan da har yanzu yake jinya. Mu ne muka cire masa ƙugiya ta farko da hannunmu, ba mu tsaya mun ga ta biyun ta kama ba.

Saboda haka ga roƙonmu. Kafin ka shiga mota, ka san sunan majami'ar da za ka je ranar Lahadi ta farko. Ka karɓi takarda daga faston gida. A makarantu akwai zumuntar ɗalibai irin su FCS da NIFES, masu bautar ƙasa kuma suna da NCCF. Ka neme su a makon farko, kada ka jira sai ka saba. Ka zaɓi mutum ɗaya a gida, dattijo ko shugaban zumunta, wanda ka ba izinin ya kira ka ya tambaye ka gaskiya, kuma kada ka sake shi sai ka sami irinsa a can. Ke ma 'yar'uwa da ke shirin aure zuwa wani gari, maganar ta shafe ki. Ku kuma da kuka rage a gida, kowa ya ɗauki sunan mutum ɗaya daga cikin masu tafiya, ya riƙa nemansa.

Kada kuma ku zama kamar babbanmu a turke na farko. Akwai waɗanda za su yi shekara huɗu a makaranta suna cewa babu ikkilisiya kamar ta gida, su ƙi shiga ta inda suke domin waƙoƙinsu dabam ne ko harshensu dabam. Wannan ma tsayawa ce a jikin dutse, kuma hannu zai gaji. Dole a cire ƙugiya, amma ɗaya bayan ɗaya.

Ba mu ce zumunta ce mai ceto ba. Ubangiji ne yake riƙe da mu, kuma ranar nan a Averau jinƙansa ne ya tsare mu, ba wayonmu ba. Ba mu kuma yi muku alkawarin ba za ku zame ba. Za ku iya zamewa, ku ji ciwo. Amma akwai bambanci tsakanin wanda ya faɗi a maƙale da wanda ya faɗi ba kowa, kuma sau da yawa ta bakin wani ɗan'uwa da ke kusa ne Ubangiji yakan ce mana mu dubi hannuwanmu.

Bari Ubangiji ya kiyaye tafiyarku, ya tanadar muku 'yan'uwa a inda za ku, ya kuma gafarta mana mu shugabanni inda muka yi sakaci da ku. Amin.