'Yan Piski na Dajin Bodmin

A Konwol, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila, akwai dajin Bodmin: duwatsu, gajeriyar ciyawa, fadamar da ke haɗiye ƙafa, ga hazo mai saukowa ba sallama. Mutanen da sun ce wurin na 'yan piski ne, wasu ƙananan halittu masu tsokanar tsiya. Ba su cika mugunta ba, amma ba a sakin jiki da su.

Babbar sana'arsu ɓatar da matafiyi. Manomi ya taso daga kasuwa da almuru, a hanyar da ya sani tun yana yaro, sai ya yi ta kewaya gona ɗaya har asuba, ƙofar shinge ta ce ɗauke ni, yana jin dariya ƙasa-ƙasa. Maganin kuwa mai arha ne: ya tuɓe kwat ɗinsa ya sa a baibai. Ina zargin giyar kasuwa na da hannu a wasu kwanakin dajin nan. Wani lokacin kuma a wayi gari doki ya yi sharkaf da gumi, gezarsa a cukurkuɗe, a ce 'yan piski sun kwana sukuwa a kansa.

Robert Hunt ya tattara irin waɗannan labarai a 1865, William Bottrell ya biyo baya a 1870. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne asalin da ake ba 'yan piski. Wai rayukan mutanen da suka mutu kafin zuwan Kiristanci ne, ba su kai ga aljanna ba, ba su kuma cancanci wuta ba. Kullum ƙara ƙanƙancewa suke yi har su koma tururuwa. Shi ya sa a da tsofaffin yankin ke hana yara rushe gidan tururuwa.