Motar da ta fi ƙarfin ƙofar gidanmu



A shekarar 2019 muka haɗa kuɗi, mu huɗu 'ya'yan ɗaki ɗaya, muka sayi tsohuwar Toyota Land Cruiser wadda aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Duwala, ta keto ƙasar Kamaru, ta shigo mana ta gadar Ngeli. Ranar da ta iso Kabalaye yara suka bi ta a guje suna kiran "V8! V8!", domin a Injamena duk ƙatuwar mota sunanta ke nan, ko da injinta mai silinda shida ne kamar tamu. Sai da aka rushe gefen katanga aka faɗaɗa ƙofa kafin ta sami makwanci. Mahaifinmu, wanda ya daɗe yana limanci, ya fito ya kewaya ta sau ɗaya, ya yi mata addu'a, sa'an nan ya ce: "Kakanku dai da jaki ya shigo garin nan." Ya koma zaure.

Gaskiya ya faɗa. Kakanmu yana cikin Hausawan da suka taso daga ƙasar Katsina da niyyar Makka ta ƙasa, guzuri ya yanke musu a bakin kogin Shari, suka zauna, tun garin yana amsa sunan Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973. Mu kuwa a ranar dariya muka yi, muka ɗauka barkwancin dattawa ne.

Hujjojinmu ba na banza ba ne. Duk wanda ya ga watan Agusta a garin nan ya san yadda ƙasarsa ta yumɓu take komawa da zarar an bar kwalta: ƙaramar mota sai ta kafe har ciki, a yi ta tura ta ana zamewa. Gidanmu kuma babba ne, Inna tana fama da gwiwa, ga dangi a Masaget da Bokoro da ba a rabuwa da zuwa musu suna da ta'aziyya. Waɗannan su muka jera wa Malam. Akwai wata hujjar da ba mu furta ba, ko a tsakaninmu. A ƙasar Chadi wannan mota tana da wani kwarjini da ba ta da shi a wasu wurare. An haife mu bayan 1987, shekarar da sojojin ƙasar nan suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum a kan motocin Toyota marasa rufi, har duniya ta sa wa faɗan suna Yaƙin Toyota, amma da labarin muka tashi. Da aka fara fitar da man Doba a 2003, muna 'yan makaranta, sai muka ga titunan gari sun cika da manyan motoci masu baƙin gilashi, ana kauce musu. Wanda ya girma yana kaucewa, a ransa yana so wata rana shi ma a kauce masa.

Ba za mu butulce ba, motar ta yi aiki, kuma yawancinsa ba namu ba ne. Kafin a yi wata uku ta zama ta unguwa. An ƙwanƙwasa mana ƙofa da tsakar dare domin mai naƙuda, ba sau ɗaya ba. Ta kai amare, ta ɗauki dattawan da ba su iya hawa babur zuwa maƙabartar Lamaji. A watan Oktoba na 2022, da Shari da Logon suka cika suka malale unguwannin ƙetare, mun kwana biyu muna kwaso gwaggonmu da maƙwabtanta daga Waliya, da katifu da buhunan hatsi a daure a sama. A ranakun nan babu wanda ya ce motar ta yi girma.

Sai dai tana da ciki. A watan Fabrairu na 2024 aka ɗaga kuɗin litar gazuwal daga sefa 700 zuwa 828. Lita 90 da muke zuba mata a 63,000 ta koma 74,520, alhali man a Jarmaya ake tace shi, nan kusa da mu, tun 2011. Maƙwabcin da ya zo neman a kai shi asibiti ba a tambayarsa kuɗin mai, kuma bai kamata a tambaye shi ba. Saboda haka lissafin kan dawo kanmu a ƙarshen wata, ya haɗu da kuɗin makarantar yara, wani lokacin har murya ta ɗan tashi tsakanin wa da ƙane.

Amma ba kuɗi ne ya sa muka ɗauki alƙalami ba. Wata ranar Juma'a, bayan an kwana ana ruwa, muka roƙi Malam ya bari mu kai shi Masallacin Sarki Faisal. Ya shiga, muka ɗaga gilashi, muka kunna sanyi. Ba mu yi nisa ba ya ce a tsaya. Ashe mun ratsa wani kududdufi, taya ta watsa wa wani dattijo taɓo a farar rigarsa, mu kuwa ko ji ba mu yi ba. Malam ya sauka, ya kama hannun mutumin yana ba shi haƙuri, suka ƙarasa masallaci tare a ƙasa. Da yamma ya kira mu ya ce: "Tun daga ƙofar gida na ƙirga mutum bakwai da suka ɗaga mana hannu. Wa kuka amsa wa?" Muka ce: "Allah ya gafarta Malam, ba mu gan su ba." Ya ce: "To, shi ne abin da nake tsoro."

Bayan 'yan watanni tsoron nasa ya kusa tabbata ta hanyar da ta fi muni. Wanda bai taɓa zama a kujerar direban irin wannan mota ba zai ɗauka tsayinta yana sa a ga komai. Ana ganin nesa, amma abin da ke daf da hancinta a ɓoye yake. Yaro ɗan shekara uku zai tsaya a gabanta cur, direba bai san da shi ba. Lungunan Kabalaye kuma tsofaffi ne, matsattsu, ga kwata a gefe, kuma nan ne filin wasan yara. Wata la'asar muka tayar da ita za mu fita. Ƙafa tana kan birki, saura a saki, sai wani ɗan kilando ya jefar da babur ɗinsa ya daki ƙarfen gaba da tafin hannu yana ihu. Muka fito. Ɗiyar maƙwabcinmu ce a tsugune a inuwar motar, tana wasa da murfin kwalba. Mota ce mai nauyin fiye da tan biyu. Yarinyar ta ɗago ta yi mana murmushi, mu kuwa ƙafafunmu suka kasa ɗaukarmu, muka zauna a bakin kwata.

Daren nan babban yayanmu ya ce a sayar. Autanmu ya ce wa zai kai masu naƙuda? Inna ta ce ita dai gwiwarta ba za ta iya komawa kan babur ba. Aka juya ga Malam, ya ce shi bai sa ko sisi a ciki ba, ba zai yanke hukunci a kan dukiyar wasu ba. Sharaɗi biyu kawai ya gindaya muddin tana kwana a gidansa. Ba mai tayar da ita sai ya kewaya ta da ƙafa ya leƙa ƙarƙashinta, kuma ba a ɗaga gilashi sai an fita daga unguwa, ko da ƙura, ko da zafin watan Afrilu.

Har yau maganar sayarwa ba ta mutu ba, takan taso duk ƙarshen wata. Makullin yana rataye a ƙusa a zaure, kusa da allunan almajirai, inda mai buƙata zai iya sallama da dare. Malam kuwa tun daga waccan Juma'ar bai sake shiga ba sai in tafiyar ta wuce gari. Idan muka cim masa a hanya muka rage gudu, sai ya ɗaga mana hannu ya ce mu wuce, akwai waɗanda zai gaisa da su a gaba.