Shugaba Baƙo Ne Ranar Rantsar da Shi

A Amurka, ba zaɓaɓɓen shugaba ne ke shirya bikin rantsar da shi ba. Majalisar dokoki ce mai masaukin baƙi. Tun 1901, duk bayan shekara huɗu, majalisun biyu kan kafa kwamitin haɗin gwiwa, wanda a yau yake da mutum shida: sanatoci uku, wakilai uku. Su ke kafa dandamali a ginin Capitol, su raba katin gayyata, su shirya liyafar rana. Shagulgulan dare kuwa na kwamitin sabon shugaban ne, da kuɗin masu gudummawa.

Hikimar wannan rabo ta fito fili a Disambar 2020. Aka nemi kwamitin ya furta cewa Joe Biden ake shirya wa biki, 'yan Republican uku suka ƙi, ƙuri'a ta tsaya uku da uku. Abin kunya ne, amma kafintoci ba su ajiye guduma ba, domin tsarin mulki ya riga ya yanke cewa wa'adin shugaba na ƙarewa da tsakar ranar 20 ga Janairu. Da ranar ta zo, Sanata Roy Blunt, shugaban kwamitin kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙi, ya hau dandamalin ya yi jawabi, aka rantsar da Biden.