Ƙirji Da Kafaɗa: Jarin Ɗan Ci-rani A Ojo

Mai karatu, yau hirar tamu kan ɗaga ƙarfe ce.

Mu da muka baro Arewa muka yada zango a Ojo, yawancinmu jikinmu ne jarinmu. Ɗan dakon da ke sauke buhun shinkafa mai kilo 50, ranar da kafaɗarsa ta goce, ranar aike gida ya tsaya. Shi ya sa nake damuwa idan na ga yadda samarinmu ke motsa ƙirji da dambel.

Dambel ɗin namu na gida ne: gwangwani biyu cike da siminti, an haɗa su da guntun bututu. Matsalarsa, da wuya nauyin na dama ya zo daidai da na hagu. Ni nawa wurin 'yan gwangwan na kai aka ɗora a sikeli, domin hannu ɗaya ya fi ɗaya kaya shi ke karkatar da kafaɗa.

Ga yadda nake yi. Idan zan ɗauko daga ƙasa, gwiwa nake lanƙwasawa, baya a miƙe. In kwanta rigingine a benci, tafin ƙafa a ƙasa, in matse allunan kafaɗa ta baya. Gwiwar hannu ba na buɗe ta har ta yi layi ɗaya da kafaɗa, ina ɗan jawo ta kusa da haƙarƙari. In sauke a hankali ina shaƙar iska, in tura sama ina fitarwa. Sau 8 zuwa 12, zagaye uku. Wanda ba shi da benci, tabarma ta isa. Ƙasa ma tana hana hannu zarcewa baya.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce baligi ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Ba ta ce kullum ba. Tsoka a lokacin hutu take ginuwa, balle ga wanda ya yini yana dako.

Abin da ke cutar da mu shi ne gasa. Wane ya ɗaga, kai ma sai ka ɗaga. Malam, idan ka ji suka a gaɓa, ajiye. Akwai masu jiran saƙonka a Funtuwa ko Illela, kuma ba faɗin ƙirjinka za su ci ba.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.