Keffi Daga Kan Keke

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Matafiyin da ya bar Abuja ya bi ta Nyanya da Mararraba da Masaka, bayan tafiyar kamar kilomita 50 zai iso Keffi, amma in a mota yake, ba abin da zai gani sai tasha da shataletale. Wanda yake son sanin garin sosai, keke ya fi masa, domin keke yana shiga lungun da mota ba ta shiga, yana kuma tsayawa duk inda aka ga dattijon da za a gaisar.

Shi dai wannan gari, Abdu Zanga ne ya kafa shi wajen shekarar 1802, bayan ya taso daga ƙasar Katsina da jama'arsa da dabbobinsu. Sunan ya samo asali ne daga kafin da aka kewaye wurin da shi don tsaro, kuma garin ya daɗe yana kai gaisuwa Zazzau. A nan ne a 1902 Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Maloni, wakilin Turawan Ingila, sa'an nan ya nufi Kano, inda Sarki Alu ya karɓe shi hannu biyu. Wannan yana cikin hujjojin da Gwamna Lugga ya kafa ya ci Kano da yaƙi a 1903. Har yau akwai dutse a Keffi da ake kira da sunan Maloni, daga kansa kuwa ana hangen garin.

Ga mai son adana abin da ya gani, akwai wata 'yar ƙaramar kyamara da ake ɗaurawa a jiki ko a keke, wadda kamfanin GoPro, da aka kafa a Amurka a 2002, ya sa ta shahara. Wajen zaɓe, abu uku ne abin dubawa: ta iya daidaita hoto in keke yana girgiza, ta jure ƙura da ruwa, batirinta kuma ya zama wanda ake cirewa a sa wani, gama da wuya guda ɗaya ya wuce awa biyu yana ɗauka. In an ɗaura ta a hannun keke, duk gargadar hanya za ta shiga hoton. In a hular kwano ce, duk inda mutum ya waiwaya sai hoton ya bi shi. Ɗaurin ƙirji ya fi natsuwa, domin jiki yana shanye girgiza. Da hunturu a riƙa goge gilashinta saboda hazo, da bazara kuwa a fita da sassafe, don zafin rana yana sa ta kashe kanta.

Mai keke yana iya farawa daga ƙofar fadar Sarki, ya gangara bakin kogin Antau, ya zaga ta Kwalejin Gwamnati, inda marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi karatu, ya ƙare a Jami'ar Jihar Nasarawa. Sai dai a yi hattara da babban titin Akwanga, inda manyan motoci ba su san keke ba. Haka kuma kyamarar tana da faɗin gani, tana kwasar abin da mai ita bai nufa ba. Saboda haka ladabi ne a kashe ta a ƙofar gidajen mutane, a kuma nemi izini kafin a ɗauki mata ko masu ciniki a kasuwa.

Dalilin yin wannan aiki da gaggawa a bayyane yake. Tun da aka mayar da babban birnin tarayya Abuja a 1991, aka kuma ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, jama'a suke ta kwararowa Keffi. Ana rushe zaurukan ƙasa ana gina na bulo, dattawan da suka ji labarin Ɗan Yamusa daga bakin kakanninsu kuma suna ta raguwa. Ya kamata samarin garin masu keke su ɗauki unguwanninsu, su rubuta rana da sunan wuri, su ajiye wa na baya. Allah ya ba da ikon yi.